Kaka Merabu, Mai Kaɗa Tankin Babur

Kafin raɓa ta bushe a ganyen ayaba, Kaka Merabu ta riga ta shimfiɗa fatar saniyarta a bayan ɗakin girki. Fatar ta tsufa, gashin tsakiyarta duk ya goge saboda zama. Sai ta miƙe ƙafafu, ta ɗora tsumma a cinya, ta jawo tankin babur ta rungume shi yadda matan gidansu ke rungumar gorar nono. Daga nan sai kaɗawa, gaba da baya, tsakuwa tana ƙara a ciki. Shinge ne kawai tsakanin gidana da nata, kuma shekara goma sha tara wannan ƙarar ce agogona. Da na ji ta, na san lokacin jera kwalabe ya yi.

Sunana Edisa Kobusingye. Na koyar a firamare shekara ashirin da biyu, shi ya sa har yau Malama ake ce mini, ko da yake abin da ke kan teburina yanzu kwalaben fetur ne, ba alli ba. A mararrabar Kashozi nake sayarwa, daura da bishiyar mangwaron da 'yan acaɓa ke jiran fasinja. Ranar Asabar da ta wuce Kaka Merabu ta naɗe fatar nan, naɗewar ƙarshe, don kafaɗunta sun ce sun gaji. Ba a kafa rumfa ba, ba a yanka ko kaza ba. Abin ya tsaya mini a rai, shi ne na ce tunda ina da hannun rubutu, ba zan bari ta tashi daga aiki shiru kamar yadda ta yi shi shiru ba.

Aikinta cire tsatsa ne daga cikin tankin babur. A baki ba wuya. Ana kawo mata tankin an kwance shi daga jikin babur, an cire ɗan famfon da ke ƙasansa. Ta fara wanke shi da ruwan sabulu har sau uku, sai warin fetur ya mutu. Ta toshe ramin famfon da ɗan itace da ta naɗe da busasshen ɓawon ayaba, sannan ta cika tankin da ruwan tsami, irin wanda ake samu in giyar ayaba ta wuce sha. Masu dafa giyar sun san ta, duk tulun da ya lalace musu ita suke aiko wa. Tanki zai kwana biyu a jiƙe a inuwa. A rana ta uku ta zubar da rabin ruwan, ta ɗauko jakar tsakuwarta.

Tsakuwar daga rafin gangare ta tsinto ta, mai kaifi-kaifi, kowace ba ta wuce ƙwayar gyaɗa ba. Guda arba'in da ɗaya ce. Ta ƙirga su za su shiga, ta ƙirga su sun fito. Na taɓa tambayarta me ya hana ta tsaya a arba'in cif, sai ta ce, "Malama, kowa yana iya cewa kamar arba'in. Kin taɓa jin wanda ya ce kamar arba'in da ɗaya?"

In ta kaɗa awa guda ko biyu, ruwan da zai fito ja ne kamar kunun tamba. Ta bi shi da ruwan toka don tsamin ya mutu, ta ɗauraye da ruwa mai kyau, ta kai shi rana da baki a buɗe. Da ya bushe ba ta ba shi ko minti goma, sai ta zuba cokalin baƙin mai da ta haɗa da ɗan fetur, ta jujjuya har ya shafe ko'ina, in ba haka ba kafin yamma tsatsa ta sake yi masa ja. Rabin kofin fetur ɗin nan ni nake kai mata. Abu ɗaya ne na gorar nono ba ta yi wa tanki, wato turara shi da hayaki. Takan ce, "Gora tana son wuta. Wannan kuwa ka kusanto masa da garwashi, sai dai a tattara ka a kwando."

Barigye, makanikin mararrabarmu, shi ne ya fi kowa ganin aikinta, kuma daga bakinsa na ji abu biyu da ba ta taɓa faɗa mini ba. Na farko, wata rana ta sake ƙirga tsakuwa daga baya ta ga arba'in, alhali tankin ya riga ya koma jikin babur, mai shi ma ya wuce ƙauyensu bayan tuddai uku. Ta ɗaura zani ta taka da ƙafa har garejin, ta ce sai an dawo da babur ɗin an sake kwancewa. Barigye ya ce, "Kaka, tsakuwa ɗaya ce fa." Ta ce, "Ɗaya ce za ta zauna a bakin famfo ranar da yake hawan tudu da mai ciki a baya." Aka nemo mutumin, aka kwance, aka girgiza, tsakuwar ta faɗo. Na biyu kuma, an kawo mata tankin wani likitan dabbobi da ya yi wata takwas a ajiye. Ta ɗaga shi sama ta leƙa, ta ga hasken rana yana shigowa ta wasu ƙananan huji a gindinsa, tsatsar ce kawai ta riƙe su. Ta mayar da shi, ta ce ba za ta wanke abin da zai riƙa ɗigar da fetur a kan inji mai zafi ba. Likitan ya yi ta faɗa, amma dole ya nemi wani tankin.

Za ku ce to yaya aka yi mai irin wannan aikin ba a san ta ba? Barigye ne. In ɗan acaɓa ya kawo babur mai tsatsa, sai Barigye ya girgiza kai ya ce, "Wannan sai an kai shi wurin injin birnin Mbarara, kwana huɗu." Ya kwance tankin ya sa a buhu, ya bi ta cikin gonar ayaba ya ajiye wa Kaka a bayan ɗaki. Ba zan ce ya cuce ta ba, yana ba ta haƙƙinta, sunan ne kawai ya riƙe. Kuma gado ya yi. Mahaifinsa ne ya fara, shekarar da mijin Kaka ya rasu aka sayar da shanun, gorar nono ta koma rataye ba abin kaɗawa. Ta wuce ta gareji ta tarar da tsohon yana girgiza tanki a tsaye, yana gumi yana tsine wa tsatsa. Ta ce, "Ba haka ake kaɗa abu ba, kawo." Ta zauna a ƙasa ta ɗora shi a cinya. Tsohon ya ga aiki, amma ya san mutanenmu. A wurinmu namiji ba ya kaɗa nono, ba ya ma zama inda ake kaɗawa, babur kuwa 'yan acaɓa ji suke da shi kamar gemunsu. Ka ce musu tsohuwa ce ta rungumi tankinsu a kan fatar saniya, gara su ci gaba da turi. Shi ya sa aka haifi injin Mbarara. Kaka ta yarda ta yi shiru, da wannan shirun ta ciyar da jikoki huɗu.

Ni ma na riƙe mata sirrin, har daminar bara, lokacin da ta fasa shi da kanta saboda ni.

A daminar nan fetur ya yi tsada, fasinja suka yi wuya. 'Yan acaɓa suka koma sayen rabin kwalba. Mutum ya ɗauki fasinja, ya dawo, ya ce, "Rabi, Malama," ya sake tafiya. Dama can haka yawancinsu suke yi, sai dai a daminar abin ya zama na kowa. Cikin mako uku babura shida suka mutu a hawan tudu. Barigye ya buɗe kafireta, inda mai ke bi ya shiga inji, ya tarar da jan laka da 'yan ɗigon ruwa. Ba a daɗe ba magana ta fara yawo cewa wani yana haɗa fetur da ruwa, kuma a mararrabar Kashozi mai sayar da fetur ɗaya ce.

Wanda ya fara faɗa mini a fuska Katungi ne. Babba ne yanzu, mai mata da 'ya'ya biyu, amma ni na koya masa rubuta sunansa a aji ɗaya. Babur ɗinsa ya mutu yana ɗauke da wata mata da kan ayaba biyu za ta gidan surukai, ya yi turi cikin ruwan sama matar tana bin sa da baƙar magana. Ya iso teburina jiƙe sharkaf, ya ɗauki kwalba ɗaya ya ɗaga.

Ya ce, "Malama, ke kika koya mana ruwa da mai ba sa haɗuwa. To yaya aka yi suka shirya a kwalbarki?"

'Yan gindin mangwaro suka yi dariya. Na ce, "Katungi, ajiye mini kwalba. Ka bar ta ta tsaya minti goma, in akwai ruwa zai kwanta ƙasa kowa ya gani."

Aka bar ta, ba ko ɗigo. Wani daga baya ya ce, "Ai ta san wadda take nunawa. Ta ƙasan tebur fa?" Na fito da na ƙasan tebur. Suka ce na gida fa? Nan na gane ko rijiyar fetur na buɗe musu ba za su gamsu ba. Na je wurin Barigye na ce ya yi magana, ya sunkuyar da kai ya ce shi kafireta ya sani, inda ruwa ke fitowa ba aikinsa ba ne.

Ranar Laraba da safe Turyahabwe, shugaban 'yan acaɓan, ya zo ya tsaya gefen tebur ya cire hular kwano. Dattijo ne mai kunya, madara yake ɗauka zuwa wurin sanyayawa, ba ya cikin masu hayaniya. Ya ce, "Malama, ba da son raina ba. Asabar da tsakar rana za mu zauna. In hannuwa suka yi yawa, zan rubuta sunanki a allo, teburin kuma ya bar mararraba."

Allon nan a jikin mangwaron yake, an kafe shi da ƙusa. A nan suke rubuta dokokinsu, a nan suke rubuta sunan wanda suka kora. A iya sanina sunan mutum biyu ne ya taɓa hawa, ɗaya ɓarawon hular kwano, ɗaya wanda ya gudu da jakar fasinja. Duk wanda ya sauka daga mota sai ya karanta. Teburin bai dame ni kamar allon ba. Shekara ashirin da biyu ina tsaye gaban allo ina koya wa 'ya'yan mutane kada su yi ƙarya, yanzu ɗaliban nan za su rubuta ni a kai a matsayin mai algus. Tsoro ya kama ni, baƙin ciki kuma ya fi tsoron yawa.

Da yamma na kai wa Kaka rabin kofinta. Ta dubi fuskata ta ce in zauna. Na faɗa mata duka. Ta goge hannu da tsumma, sannan ta nuna mini wani tanki a inuwa, baƙi, an rubuta Ninsiima da farin fenti a gefensa. Sunan 'yar Katungi ne. Da safen nan Barigye ya kawo shi, ba ta ko wanke shi ba.

Ta ce, "Na leƙa cikinsa ɗazu. Ba zan jiƙa shi ba sai ya je gindin mangwaro ran Asabar. Ni zan kai shi."

Na ce, "Kaka, Barigye fa? In kika fito, injin Mbarara ya mutu. Kin san mazan nan, suna iya daina kawowa gaba ɗaya."

Ta ce, "Barigye zai yi fushin kwana biyu. In sun daina kawowa, ina da ayaba a gona. Ke kuwa sunanki in ya hau allon nan, ko an goge sai farin alli ya rage."

Gaskiya ban sa rai ba. Na ɗauka tausayi ne irin na tsofaffi. Alhamis da Juma'a na zauna a tebur ba wanda ya tsaya, suna wuce ni su tafi tafiyar awa guda su sayo a gidan mai. Na riƙa jera kwalabe da safe ina kwashe su da yamma yadda na jera su.

Ranar Asabar ruwa ya ɗauke, rana ta fito sosai. Suka taru su kusan talatin, Turyahabwe yana riƙe da alli. Ya fara bayani ke nan sai ga Kaka Merabu ta ɓullo daga hanyar gona, buhu a ka, tana takawa a hankali. Ta sauke a tsakiyarsu ta zare tankin.

Katungi ya miƙe. Ya ce, "Wannan ai tankina ne. Ba yana Mbarara ba?"

Ta ce, "Ni ce Mbarara, ɗan nan. Sannu da hanya."

Dariya ta ɓarke. Kowa ya juya yana neman Barigye, shi kuwa ya ƙura wa takalminsa ido kamar yau ya fara ganin sa. Wani ya ce, "Wato nawa ma na bara?" Kaka ta ce, "Ja mai lotsawa a hagu? Tsakuwata ta sha wahala a cikinsa." Aka sake kwashewa. Katungi ne kawai bai yi dariya ba.

Turyahabwe ya ce, "Kaka, mun gaishe ki, amma zama muke yi a kan maganar Malama."

Ta ce, "Ita ta kawo ni, Ciyaman. Katungi, matso."

Ta fito da madubi biyu daga ƙullin zaninta, guntun babba da wani ƙarami da ta ɗaure a bakin waya. Ta zura ƙaramin cikin tankin, ta karkata babban ya ɗebo hasken rana ya zuba a ciki. Ta ce ya leƙa ya faɗa wa mutane abin da ya gani, kada ya ƙara kada ya rage.

Ya leƙa ya daɗe. Ya ce, "Tsatsa."

"A ina?"

"Sama. Rufin duk ya yi ja. Da gefe-gefe."

"Ƙasa fa?"

"Akwai ɓarɓashi a kwance, amma ƙarfen fari ne." Ya sake leƙawa. "Akwai wani layi da ya zagaye, kamar yatsa uku daga ƙasa. Daga nan jan ya fara."

Ta ce, "Madalla, idonka lafiya. To ruwa in an zuba shi cikin fetur, sama yake hawa ko ƙasa yake kwanciya? Na ji an ce ka riƙe karatun Malamarku."

Ya ce, "Ƙasa."

"To wa ya hau tsani ya zuba wa rufin tankinka ruwa?"

Ta ƙwanƙwasa gefen tankin da yatsa. Ta ce, "Layin nan da ka gani, iyakar rabin kwalbarka ke nan. Inda fetur ɗin Malama ya taɓa, ƙarfe lafiya lau. Inda bai taɓa ba, nan ya ruɓe. Kuna yini a rana tanki ya yi zafi, ku ajiye shi a waje ya kwana da ciki wayam cikin sanyin tudun nan. Wanne ne cikinku bai taɓa ɗaga murfin tukunya ya ga ruwa a jikinsa ba? Haka tanki yake gumi. Gumin ya ci rufi, ya ɗigo ƙasa, tsatsa ta biyo shi, su tafi kafireta tare. Ruwanku ne, a gidajenku kuka tara shi."

Ina tsaye a bayan tebur, na fara sa rai. Amma Katungi bai saki ba. Ya ce, "Tanki ɗaya ne wannan, Kaka. Ba a yanke hukunci da ɗaya."

Ta ce, "Ka yi gaskiya. Ciyaman, a ina kake shan mai?"

Turyahabwe ya ce, "Wurin Malama. Shekara tara."

"Rabi-rabi?"

"A'a, cikawa nake yi. Hanyar madara ba ta son wasa."

"Ya taɓa mutu maka a tudu?"

Ya ce, "Bai taɓa ba." Kunya ta kama shi, don a lokacin ya gane amsar tana ƙarƙashinsa tun ranar Laraba yana zaune a kanta. Ya je da kansa ya buɗe murfin tankinsa. Kaka ta zura madubi, Katungi ya leƙa, wasu suka bi layi suna leƙawa. Fari tas, daga ƙasa har rufi. Aka buɗe na mutum biyu cikin waɗanda babur ɗinsu ya mutu, duka ja a sama, da layinsu a ƙasa. Ɗayan ma layinsa bai kai yatsa biyu ba, abokansa suka ce wannan da warin fetur yake aiki.

Turyahabwe ya dubi allin da ke hannunsa, ya sa shi a aljihu. Ya ce, "Akwai mai ɗaga hannu?" Ba hannun da ya motsa. Ya juyo wurina ya cire hula ya ce, "Malama, mun yi miki laifi."

Na zauna a kan jarka. Na so in yi musu faɗa irin na aji, har na shirya kalmomin tun ranar Alhamis, amma ba ɗaya da ta fito, hawaye ne suka fito. Ban taɓa jin sanyi a raina irin na ranar ba. Kaka kuwa ko a jikinta. Ta mayar da tankin buhu ta ce wa Katungi, "Talata ka zo ka karɓa. Ta ƙofar gaba, ban da gonar ayaba."

Ranar Talata ina ɗaurayar kwalabe a gida na hango shi ta shinge. Kaka tana kan fata, ta zuba tsakuwa ta fara kaɗawa, amma ba ta yi nisa ba ta tsaya tana matsa kafaɗa. Katungi ya tsaya yana kallon ta. Ya waiga dama, ya waiga hagu, ya cire takalmi ya zauna a kan fatar ya miƙe ƙafafu. Ta ɗora masa tankin a cinya. Ya fara girgizawa da ƙarfi kamar mai dambe da shi.

Ta ce, "Ba da hannu ba, da ƙugu. Ba ka taɓa ganin uwarka tana yi ba?"

Ya ce, "Korata take yi, Kaka."

"To yau ba mai korarka."

Ya yi fiye da awa guda. Da aka zubar da ruwan, ya nemi kwalba ya ɗura jan lakar a ciki, ya toshe. Da yamma ya zo teburina a gaban kowa ya ajiye ta a cikin layin kwalabena. Ya ce, "Malama, ga abin da na ce naki ne. Nawa ne. Ki yafe mini." Na ce na yafe, amma har yanzu ba ya rubuta harafin g da kyau, na gani a jikin tankin. Babu g a Ninsiima, ya sani, na sani, amma ya yi dariya ya karɓi faɗan.

Barigye ya yi fushin kwana tara, ba biyu ba, a nan kaɗai lissafin Kaka ya kuskure. Tankuna kuwa ba su daina zuwa ba, ƙaruwa suka yi, kuma ta ƙofar gaba. Turyahabwe ya yi amfani da allinsa, ya rubuta a allo cewa kada babur ya kwana da yunwa. Ba kowa ke iya cikawa ba, na sani, ba rowa ce ta sa su sayen rabi ba, babu ce. Amma yanzu mai hali yana cikawa da yamma, marar hali yana shigar da babur ɗaki. Katungi ya ci gaba da zuwa bayan ɗakin girki duk safiyar da ba shi da fasinja. Abokansa suna tsokanarsa, "Uwargida, man shanu ya fito?" Shi kuma ya ce, "Kawo tankinka mu gani wa zai yi kuka."

Kaka Merabu, ke ce injin Mbarara, injin da ba ya shan mai sai kunun tamba. Ke ce kika yi shekara ashirin da uku kina aiki ana yaba wa wani ƙarfe da babu shi, ba ki taɓa cewa uffan ba. Ban san adadin masu ciki da marasa lafiya da 'yan jarrabawa da suka haye tuddan nan lafiya saboda cinyarki da ƙugunki ba, ke ma ba ki sani ba, su ma ba su sani ba. Amma ni na san tawa. Ranar da shirunki zai ci sunan maƙwabciyarki, kika ɗauko shi a ka kika fasa shi a gindin mangwaro, ba ki da tabbacin za a sake kawo miki ko tanki ɗaya. Ba ki yi rantsuwa a kaina ba, ba ki roƙi kowa ya tausaya mini ba. Madubi kika miƙa wa mai zargina kika ce ya duba da idonsa. Na gode, Kaka. Allah Ya huta da kafaɗun nan, Ya bar mana ke a bayan shinge.

Ku kuma masu karatu, akwai irinta a kusa da ku, wadda aikinta ke fita ta ƙofar baya da sunan wani. Ku neme ta ku gaishe ta tun tana ji. In kuma hannunku ya san wata gaskiya da za ta wanke wani, kada ku zauna a kanta don gudun fushin kwana tara.

Ranar Asabar ɗin da ta naɗe fatar, mu uku ne kawai a wurin. Ta kwance jakar tsakuwa ta ƙirga wa Katungi a tafin hannu, ɗaya bayan ɗaya, ta ƙulle jakar ta miƙa masa. Bai karɓa ba. Ya ce, "Arba'in ne, Kaka. Saura ɗaya."

Ta ce, "To ka iya aikin. Rafi yana nan, je ka zaɓo taka."

Ta arba'in da ɗayan tana cikin tafinta. Ta tako da ni har mararraba, ta buɗe jar kwalbar nan ta jefa ta a ciki. Kwalbar tana nan a tsakiyar layi, baƙi sukan tambayi kuɗinta in ce ba ta sayarwa ba ce. Yanzu da safe bayan shingen shiru ne, don Katungi a gidansa yake kaɗawa. In na gama jera kwalabe, sai in ɗauke ta in girgiza sau ɗaya, in ji tsakuwar ta amsa, in ɗaga kai in dubi allon da ba sunana a kai, sannan in zauna in jira mai saye na farko.